Gayan Tuwo Da Miyar Borsh: Tarihin Dariyar Da Ake Yi Wa Manomi

Abu biyu ne Bahaushe ba ya gajiya da yin raha a kansu, wato abin da mutum yake ci da yadda yake riƙe fartanya. In ana so a tsokani Bafillatani, nono za a ambata. In Bagwari ne, a kawo zancen doya da ɗaukar kaya a kafaɗa. In kuwa ɗan birni ne, sai a ce bai taɓa ganin dawa ba sai a cikin akushi. Wannan daɗaɗɗen abu ne, ya girmi boko ya girmi jarida. Abin da muke so mu bi diddiginsa a wannan maƙala shi ne abin da ya sami irin wannan raha tun daga ranar da ta bar bakin mutane ta hau takarda ta zama hoto. Za mu fara daga ƙasar Gaya da Ajingi, sa'an nan mu leƙa wata al'umma mai nisa, wato Yahudawa, domin zanen barkwanci ya yi musu rana ya kuma yi musu dare fiye da kowace al'umma da muka sani.

Wanda Ya Riga Ka Kwana

Mutumin da ya taso daga Kademi ko Shagogo, ko daga Toranke da Gafasa ta ɓangaren Ajingi, ya bi ta Wudil ya shiga birnin Kano, sunansa ɗaya a bakin 'yan kasuwar Kwari da yaran mota: baƙauye. Abin dariyar ma ba ya wuya a samu, domin a rubuce sunan garin Gaya da gayan tuwo, wato tuwon da babu miya, haruffa ɗaya ne. To amma da ɗan birni zai waiwayi tarihi da ya sassauta. Ruwayar da ta shahara ita ce maƙera ne daga Gaya suka fara zuwa gindin Dala neman tama, ana ce da su Abagayawa, kuma sunan shugabansu, Kano, shi garin ya ɗauka. Masu tonon ƙasa sun sami alamun narka ƙarfe a Dala da suka kai ƙarni na 7. Ke nan fartanya da garmar da aka fara sarar ƙasar birni da su, in an yarda da ruwayar, hannun mutanen Gaya ne ya ƙera su.

Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya nuna cewa Gaya ba kanwar lasa ba ce. A zamanin Sarki Dadi (1670 zuwa 1703) Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi shekara 3 bai kai haraji birni ba, sai da aka yaudare shi aka kashe. 'Yarsa Mariyama ita ta haifi Sarki Muhammadu Sharefa (1703 zuwa 1731), kuma a zamanin Sharefa mutanen Gaya suka yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano. Wannan ja-in-ja tsakanin Gaya da birni bai mutu ba: a 2019 aka ba Gaya masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe, a cikin shekarar kuma aka maido ta da daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu.

Batun wauta kuwa, gyaɗa ta isa shaida. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manomin ƙasar Kano ya yi lissafinsa: gyaɗa ta fi kuɗi, jigawarsa ta karɓe ta, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta faɗi kuma ana iya ci, auduga kuwa ba a miya da ita. Daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar jirgi har aka rasa taragun ɗauka. Dalar gyaɗar da ake bugawa a littattafan makaranta, da dukiyar su Alhassan Ɗantata, daga wannan lissafi na baƙauye suka fito.

Raha Mai Ramuwa

Kafin takarda, rahar abinci da gona tana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Ƙa'idar ita ce wanda ake yi wa dariya yana zaune a wurin, kuma yana da bakin ramawa. Dubi wasan taubasai da na ƙabilu: Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari. Kowane ɓangare yana cewa shi ne ubangida, ɗayan bawa, kuma ba a taɓa yanke hukunci ba, domin ranar da aka yanke wasa ya ƙare. Tsakanin Fulani da Tibi har labarin abinci ne tushen wasan, inda ake cewa Bafillatani ya bar shanu amana, da ya dawo ya tambaya aka ce masa an ci. A watan cika-ciki kuma taubashi yakan bi taubashinsa ya karɓi kuɗin shara. Ka zagi mutum shekara guda, sa'an nan ka sa hannu a aljihu ka biya, ko shi ya biya ka. Zagin da ake biyan kuɗi a kansa ido da ido da wuya ya zama gaba.

Haka tashe yake. Daga goma ga azumi yara sukan kwaikwayi tsoho da malami da mai magani da gwauro, har da Macukule, wanda yake kwaikwayon Bagwari da irin cimarsa. Amma a ƙofar gida ake yi, maigidan yana iya ba da hatsi, yana iya kora. Su kuwa 'yan kama, sana'arsu kacokan a kan ciki ta ginu. Ɗan kama yakan ɗauki muryar malami mai wa'azi ko ta mawaƙin fada, da duk natsuwarta da jan numfashinta, sai ya cika ta da zancen tuwo da nama da fura. Wani Bature mai suna Gidley ya yi nazari a kan 'yankamanci tun 1967. Abin lura a nan shi ne ɗan kama kansa yake fara yi wa dariya: shi ne mayunwacin, shi ne makwaɗaicin, kuma ta bayan wannan kwaɗayi nasa yake lakatar manya.

A gona kuwa al'amarin juyewa yake yi gaba ɗaya. Ranar gayya, in makaɗa suka saki gangar noma, kirari na wanda ya fara kai kuyyarsa ƙarshe ne, habaici kuma na rago ne da wanda yake yawan zuwa shan ruwa. A wannan fage ɗan birni mai taushin hannu shi ne abin dariya, tun kafin rana ta take tsaka kanta ta fito masa. Saboda haka kowa yana da filin da yake sarki da filin da yake wawa.

Da Hoto Ya Shigo

Rubutun boko bai fara da ɓarna ba. Abubakar Imam, a cikin Magana Jari Ce (1937 zuwa 1939), ya ba mu Kalala da Kalalatu, inda matar gida ta cinye kaji biyun da aka soya wa baƙo, ta tsorata baƙon da cewa kunnuwansa mijin zai yanke, ta kuma ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Asalin labarin tatsuniyar Jamus ce, amma Imam ya yi masa wankan da ba mai cewa baƙo ne. Kwaɗayi ake yi wa dariya a ciki, kwaɗayi kuwa ba shi da gari.

Inda aka fara samun canji shi ne majigi. A 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinan mulkin mallaka ƙarƙashin William Sellers, wanda ya taɓa aikin duba-gari a Nijeriya. Salon da suka fi so shi ne a nuna mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi maganar malamin gona, ya shuka a layi, ya sami rumbu cike. Wawa ya bi hanyar kakanninsa ya tashi a tutar babu. Motar majigi takan tsaya a ƙofar fadar hakimi, a kafa farin ƙyalle, mai fassara ya riƙa zuba bayani da Hausa, jama'a suna dariya. Wa suke yi wa dariyar? Mutumin da yake noma kamar yadda su da iyayensu suke yi, yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Daga baya, a shekarun 1960 da 1970, masu bincike a Samaru suka tabbatar da cewa wannan haɗin shuka dabara ce mai rage asara in damina ta yi gardama. Amma hoton wawan manomi ya riga ya zauna, kuma farin ƙyalle ba a rama masa magana.

Zanen barkwanci na jarida, wanda wasu suke kira katun, a Ikko ya yi ƙarfi, tun daga Akinola Lasekan na jaridar West African Pilot. Da Turanci ake yin sa, don 'yan boko. A jaridunmu na Hausa, daga Gaskiya da Sodangi ta lardin Kano har zuwa Albishir da Alfijir ta ajami a shekarun 1980, zane bai taɓa zama ginshiƙi ba kamar yadda waƙa da wasiƙun masu karatu suka zama. Mun yi asarar dama babba a 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka tura ɗaliban jami'a ƙauyuka a lokacin dogon hutu wai su taimaka wa noma. Yaron da bai san bambancin gero da gamba ba ya zo koya wa mai shekara arba'in a gona! Manoma sun yi dariya har da hawaye, amma dariyar a inuwar rumfa ta tsaya. Wadda ta shiga tarihi ita ce ta 'yan boko, da suka juya haruffan sunan shirin suka ce ai gonar Obasanjo ake nufi, bayan ya sauka a 1979 ya buɗe gonarsa a Ota.

Bayahuden Littafi Da Bayahuden Sikeli

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Gaya da Yahudawa? Yawancinmu a littafi da wa'azi muka san Bayahude, ba mu taɓa cin kasuwa ɗaya da shi ba. Amma hanyoyinmu sun gitta. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Rumfa ya rubuta masa littafin shiryar da sarakuna, ya baro Tuwat ne bayan rikicin da ya jagoranta a kan Yahudawan Tamantit wajen 1492, inda aka rushe wurin ibadarsu, duk da cewa alƙalin yankin, al-Asnuni, bai goyi bayansa ba. A ƙarni na 20 kuma ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗar Kano shi ne Saul Raccah, Bayahude daga Tarabulus, wanda ya yi gogayya da kamfanin UAC a ƙarshen shekarun 1930. A wajajen lokacin samun mulkin kai, jihohin Yamma da Gabas suka kafa unguwannin manoma bisa tsarin ƙauyukan haɗin gwiwa na Isra'ila, Sardauna kuwa ya ƙi karɓar taimakon Isra'ila ga Arewa. Dalilinmu na kawo su a nan dabam ne: su ne al'ummar da aka zana da alƙalami iri biyu, nasu da na maƙiyansu, a kan abu ɗaya, abinci da gona, har ana iya ajiye zanen biyu gefe da gefe a gwada.

Tela A Gona

Ƙarnoni da dama, a yawancin ƙasashen Turai, an hana Bayahude mallakar gona. A Rasha dokokin 1882 suka ƙara tsanantawa, aka hana su sabon zama a karkara da sayen filin noma. Sai suka zama teloli da 'yan koli da masu kanti, sa'an nan waɗanda suka hana su gonar suka koma suna yi musu gorin ba sa noma. Tsakanin 1881 da 1924 kimanin miliyan 2 daga cikinsu suka tsere wa kisa da talauci suka nufi Amurka. Wasu attajiransu suka ga maganin gorin shi ne a mai da su manoma. Baron Maurice de Hirsch ya kafa ƙungiyar tsugunar da Yahudawa a gonaki a 1891, aka buɗe garin Woodbine a Amurka, aka tallafi Moisés Ville a Ajantina. A 1908 har mujallar wata-wata aka fara bugawa da harshen Yidish don koya wa sabon manomi aikinsa.

Ka duba wannan hoto: mutumin da ya yi shekara ashirin a kan keken ɗinki, ga gemu ga littafin addu'a, an miƙa masa saniya. Marubutansu ba su jira wani ya yi musu dariya ba. Tun 1894 Sholem Aleichem ya ƙirƙiro Tevye, mai sayar da madara da cuku, talaka mai 'ya'ya mata da ramammen doki, wanda yake jawo nassi a kan kowace magana yana karkata fassarar. Suna kuma da garin wawayensu, Chelm a ƙasar Folan, inda dattawan gari suka ga wata a cikin ganga suka rufe don kada a sace. A Niyu Yok aka kafa mujallar barkwanci Der Groyser Kundes, ma'ana babban ɗan ƙiriniya, ta rayu daga 1909 zuwa 1927, da masu zane irin su Zuni Maud da Leon Israel mai laƙabin Lola. Ba ta bar kowa ba, har Abraham Cahan, editan babbar jaridarsu Forverts, ya sha zane. Samuel Zagat kuma ya yi ta zana wani dillalin aure, Gimpel, a jaridar Varhayt. Da harshensu ake rubutawa, su suke saye da kwabonsu, wanda aka zana yau gobe yana iya aiko da amsa, ko ya tare mai zanen a shagon shayi.

Abinci shi ne rijiyar da ba ta ƙafewa, kuma Musulmi zai fi kowa gane dalili. Suna da halal da haram nasu, wato kosha: ba sa cin alade, sai an yanka dabba bisa ƙa'ida, ba a haɗa nama da madara, har kwanukan kowanne dabam. A Idin Ƙetarewa sai gurasa marar yisti. Duk inda doka ta yi yawa, dabarar kauce mata takan yi yawa, a nan barkwanci yake tsirowa. Attaura ta ce ƙasa ta huta duk shekara ta bakwai. Da sababbin manoman Falasɗinu suka ga yunwa za ta kashe su, sai wasu malamai suka ba da fatawa a 1888 cewa a sayar da gonar ga wanda ba Bayahude ba na tsawon shekarar, a ci gaba da noma. Mu da muka san babin hila a fiƙihu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Har yanzu duk shekarar hutun ƙasa sai gardamar ta tashi a tsakaninsu.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne abin da ya faru a duwatsun Catskill, arewa da Niyu Yok. Yahudawa sun sayi gonaki a can da araha, ashe ƙasar duwatsu ce, ba ta ba da amfani. Sai suka fara saukar da 'yan uwansu na birni masu gudun zafi, suna dafa musu abinci. Haka iyalin Grossinger suka fara da 'yar gona a 1914, ta zama katafaren otal. Baƙo in ya ƙoshi sai ya nemi nishaɗi, aka ɗauko samari masu ban dariya, kuma a nan su Danny Kaye da Jerry Lewis da Mel Brooks suka koyi sana'a. Yankin ma da sunan miya aka san shi, miyar borsh, wadda ake yi da wata jar saiwa. Noma ya faɗi, barkwanci ya yi yabanya. 'Ya'yan wannan zuriya ne suka cika mujallar MAD, wadda Harvey Kurtzman da William Gaines suka fara a 1952, suka cusa kalmomin Yidish a bakin yaran Amurka da ba su taɓa ganin Bayahude ba.

Ɗaya Alƙalamin

A daidai lokacin da Kundes take raye, a 1923, Julius Streicher ya fara buga Der Stürmer a garin Nuremberg na Jamus. Kayan aikin iri ɗaya ne: tawada, ƙarin gishiri a hanci da tumbi, gajeren rubutu a ƙasa. Batutuwan ma su ne dai. Mai zanenta, Philipp Rupprecht, wanda yake sa hannu da Fips, ya yi ta zana Bayahude a matsayin dillalin shanu mai cutar manomin Jamus, da mahauci mai azabtar da dabba. A watan Mayu na 1934 jaridar ta fitar da bugu na musamman a kan tsohon ƙazafin nan cewa Yahudawa suna amfani da jinin Kirista a ibadarsu. Ana liƙa shafukan a akwatunan gilashi a bakin hanya har cikin ƙauyuka, don wanda bai saya ba ma ya gani. A 1938 kamfanin Streicher ya buga littafin yara mai zane, wanda yake kwatanta Bayahude da naman kaza mai guba a cikin masu kyau.

Zane da doka tare suka yi tafiya. A Afrilun 1933 aka haramta yanka irin na Yahudawa a Jamus, a Satumba kuma dokar gadon gona ta ce sai mai jinin Jamus ne manomi. Wanda aka zana ba shi da jaridar ramawa, ba shi da kotun kai ƙara, daga baya ba shi da rai: miliyan 6 aka hallaka. Ya kamata duk mai riƙe alƙalami a cikinmu ya san ƙarshen Streicher. Bai jagoranci runduna ba, bai riƙe sansanin kisa ba, amma kotun Nuremberg ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama saboda abin da ya buga, aka rataye shi ranar 16 ga Oktoba, 1946. Kada kuma a ce abin Turai ne. Mujallar Kangura ta Ruwanda, wadda aka fara a 1990, da zane ta yi ta tallar ƙiyayyar Tutsi kafin kisan 1994, kuma kotun Arusha ta ɗaure editanta Hassan Ngeze a 2003.

Yara Biyu, Ƙasa Ɗaya

Bayan kafa Isra'ila a 1948, wani da ya tsira daga Hungari, Kariel Gardosh mai laƙabin Dosh, ya ƙirƙiro Srulik a shekarun 1950, ya yi ta zana shi a jaridar Maariv. Yaro ne mai gajeren wando da takalmi fade da 'yar hular rana irin ta ma'aikatan gonar gandu. Amsa ce ga Fips kai tsaye: ga Bayahude manomi, rana ta ƙona shi. Sai dai gonar da Srulik yake tsaye a kai tana da wani mai ita. Naji al-Ali, ɗan ƙauyen Shajara a Galili, wanda aka raba da garinsu yana yaro a 1948, ya fito da Hanzala a wata jaridar Kuwait a 1969: ɗan shekara goma, ba takalmi, riga da faci, daga baya ya juya wa duniya baya ya harɗe hannuwa. Al-Ali bai bar Isra'ila ba, bai kuma bar shugabannin Larabawa ba. An harbe shi a Landan a 1987. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan rikici, kuma mun san inda zuciyar yawancin masu karatunmu take, abin da ya shafi sana'armu a fili yake: kowane ɗaya daga yaran nan biyu ɗan gida ne ya zana shi, shi ya sa mutanensa suka rungume shi har yau.

Mu Dawo Gida

Manomin Gaya da Ajingi bai sami Dosh ko al-Ali nasa a takarda ba. Wanda ya fi kusa da zama haka a allo ya fito, ba kuwa daga nesa ba: Rabilu Musa, ɗan Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, maƙwabciyar Wudil, wanda duniya ta sani da Ibro. Ya yi aikin gandiroba kafin wasa ya ɗauke shi, ya rasu a Disambar 2014. 'Yan boko sun daɗe suna raina finafinansa, suna cewa shirme ne. Amma a lura da baƙauyen Ibro. Yakan shigo birni da wauta a fuska, ga kwaɗayin ɗan kama, a yi ta yi masa dariya, sa'an nan a wayi gari alhajin birni ne ya biya kuɗin tuwon. Mutanen karkara sun gane nasu, shi ya sa suka riƙa sayen kasusuwansa ranar kasuwa. Ba mu ce duk abin da ya yi daidai ne ba, domin kwaikwayon wasu ƙabilu da ya cika finafinan barkwancinmu sau da yawa ya rasa ramuwar nan da take halatta wasan taubasai. Bagwari ko Inyamurin da ake kwaikwaya ba ya cikin masu shirya fim ɗin, ba kuma mai kai masa kuɗin shara.

A yau muna da ƙwararrun masu zane 'yan Arewa, irin su Mustapha Bulama da ya yi suna a Daily Trust, kuma manomi yana fitowa a zanensu. Sai dai ya tashi daga wawa ya koma abin tausayi: ga ɗan bindiga a gabansa, ga tsadar taki a bayansa, shi kuma ya yi tagumi. Wannan ci gaba ne, amma har yanzu ba shi ne mai maganar ba. Alhali in ka zauna a rumfar mai shayi ranar kasuwar Kademi ko ta Ajingi, shi ne mai ba da labarin, wasu ne abin dariyar: malamin gonan da ya zo duba shuka da takalmi sau-ciki yana tsallake kunya, da ɗan siyasan da ya raba buhun taki ɗaya ga mutum goma aka ɗauki hoto, da ɗan birnin da ya zo sayen wake da kaka yana rantsuwa cewa taimako ya zo yi.